Zawarcin Furera a Ƙasar Besbol

Daren jiya Haladu ya yi wani mafarki, kuma duk wanda ya san abin da ya ci da abin da ya karanta kafin ya kwanta ba zai yi mamaki ba. Ci dai busasshiyar gurasa ce da ruwan bunu, don tun da matarsa Furera ta bar gidan murhunsa bai sake ganin tukunyar kirki ba. Karatu kuwa, labarin besbol ne.

Haladu mai gabatar da labarin wasanni ne a wani ƙaramin gidan rediyo, irin wanda in an ɗauke wuta sai ka ji mai magana ya yanke a tsakiyar sallama. Ƙwallon ƙafa ya sani, ita ma a baki. To jiya sai shugaban sashe ya ajiye masa wani labari daga ƙetare ya ce ya juya shi zuwa Hausa, wai masu sauraro sun gaji da abu ɗaya kullum. Wasan Amurkawa ne. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da sanda mai kama da taɓarya, ya zura a guje ya zaga zango uku, ya dawo inda ya tashi, wurin da suke kira gida. Labarin ya ce kakar wasa ta ƙare, yanzu lokacin ciniki ne. 'Yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare ba su da ubangida, ƙungiyoyi sai rububinsu suke da kuɗin da ko faɗarsu sai mutum ya sha ruwa. Haladu ya daɗe yana neman sunan da zai ba irin wannan ɗan wasa. Can ya ce, to ai mu a rediyo kullum cewa muke ƙungiya kaza na zawarcin wane, wanda ake zawarci kuwa ai sunansa ba ɓoyayye ba ne. Ya sa "bazawari", ya yi dariya shi kaɗai, sai kuma dariyar ta yanke.

Dalili kuwa, iddar Furera ta kusa cika. Saki ɗaya ya yi mata, a kan abin da ko maimaita shi abin kunya ne. Shekara da shekaru in ya dawo gida tambayarsa ta farko ita ce, "Kin ji shirina?" Ita kuma ta ce, "Na ji, Malam, ai yau ka fi kullum." Ranar da abin ya faru janareton tashar ya mutu, shirin bai fita ko bakin ƙofa ba, amma da ya tambaye ta, da gangan, sai ta ce ai yau ya fi kullum. Nan ya gane baiwar Allah ba ta taɓa kunna shi ba. Ya hau, ya kumbura, ya furta kalmar, ta haɗa kayanta ta tafi gidan kawunta Sallau. Kafin ta kai bakin titi ya yi nadama, amma Haladu da girman kai sai dai a yi shiru. Kullum gobe, kullum gobe, wai jira yake ta fara aikowa.

To yana rufe ido sai ga shi a ƙasar besbol.

Filin wasan ya fara gani, an naɗe shi kamar tabarma an jingine a jikin bango, tunda kaka ta ƙare. 'Yan kallo kuma an jera su a kan kanta an lulluɓe da zane kada su yi datti kafin baɗi, wani daga cikinsu yana ta tafi a hankali a ƙarƙashin zanen. Haladu bai ga abin mamaki a nan ba. Abin da ya dame shi shi ne takalmansa sun riga shi yin gaba, dole ya bi su ƙafa tsirara yana ba su haƙuri.

Takalman suka kai shi wata babbar rumfar kasuwa suka tsaya. A ciki ga zawarawa nan jere a kan benci, ƙarti majiya ƙarfi, kowa ya sha lalle da turare, ya ɗora taɓaryarsa a cinya, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin riga. Ƙungiyoyi kuma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sallama daga waje. Akwai ƙungiyar Zabbi, dukkansu zabbi ne cikin kwat. Akwai ta Raƙuma, akwai ta Kwaɗi, waɗanda aka ce ba su taɓa cin kofi ba amma ba wanda ya kai su surutu.

"Ana sallama da mai jifa da hannun hagu," in ji wani zabo.

Wani ƙato da wuyansa ya kai turmi ya miƙe yana rangwaɗa, ya rufe fuska da hula. "Ni dai ba ni da ta cewa," in ji shi, "sai abin da dillalina ya ce."

Nan take aka fara ciniki. Ba kuɗin ake kawowa ba, sifirin da ke bayan lambar ake kawowa, a kwando, a auna da mudu. Zabbi sun fi kowa samun sauƙi, don su in kwandonsu bai cika ba sai ɗaya ta tsuguna ta saka wani sifirin da ɗuminsa. Aka daidaita a kan rabin kuɗin yanzu, rabi kuma sai jikokin ƙaton sun yi furfura. Aka sa masa sabuwar riga a kan tsohuwa, aka ɗauki hoto, ya fashe da kuka ya ce tun yana cikin goyo burinsa ya zama zabo.

Sai ga Haladu a ofishin babban dillali, bai san lokacin da ya shiga ba. Dillalin bunsuru ne, Alhaji Bunsuru ake ce masa, ya rataya waya a kowane ƙaho, dukkansu suna ƙara. Kwantiragi tuli a gabansa, yana ɗauka yana taunawa.

"Ranka ya daɗe, cinye su kake?" in ji Haladu.

"Dubawa nake. Wanda ya yi ɗaci a baki akwai sharaɗi a ciki."

Haladu ya gyara murya, ya fito da wadda yake ajiyewa don rediyo. "Ni ne Haladu na shirin wasanni. Ƙila ka san muryar."

"Ban sani ba."

"Kullum da yamma, bayan labarai."

"Lokacin kiwona ne," in ji bunsurun. "Me kake so?"

Haladu ya haɗiye wannan ma. Ya ce shi dai labari ya zo nema, wa ya fi kowa tsada a kasuwar bana? Alhaji Bunsuru ya yi nuni da gemu. Bangon ofishin ya matsa gefe cikin ladabi, sai ga wani benci can sama da sauran, an shimfiɗa masa darduma. A kai Furera ce zaune, cikin atamfarta mai ganye, ta ɗora hular 'yan besbol a kan ɗankwali, taɓaryar gidansa a gefenta. Ba ta sunkuyar da kai kamar ƙartin ba. Gyaɗa take ɓarewa, hankalinta kwance.

"Kai! Wannan ai matata ce!"

Bunsurun ya miƙe ya sanar da kasuwa gaba ɗaya: "Jama'a, tsohuwar ƙungiya ta iso."

Kowa ya juyo. Ba harara suka yi masa ba, da ma harara ce da ta fi sauƙi. Kallon tausayi suka yi masa. Wani raƙumi ya sauko da wuyansa daidai kunnen Haladu ya ce, "Ku ne kuka sake ta?"

"Ba a sake ta ba. Wato an sake ta, amma ɗaya ne."

"Kyauta?"

"Ai ba ciniki ba ne."

"Ko ɗan wasa ba ku karɓa a madadi ba?" Raƙumin ya girgiza kai, girgizar ta ɗauki lokaci kafin ta sauka ƙarshen wuyan. "Allah ya ƙara mana irinku a kasuwa."

Alhaji Bunsuru ya hau tebur ya shiga karanto bajintarta da ka. Ya ce a duk ƙasar nan ba mai duka irin nata, in ta sauke taɓarya a turmi sai hatsin unguwa ta gaba ya daku. Ya ce a tsaron fili kuwa ba a magana, a kakar bara kaɗai maigidanta ya jefo maganganu marasa kai ba iyaka, ta cafe su duka, ba ta bar ko ɗaya ta faɗi ƙasa maƙwabta su gani ba. Ya ce ta iya wasa da rana, ta iya wasa ba wuta, ta iya wasa a ƙarshen wata. Kwaɗi suka ɗauki kabbara. Haladu ya so ya ce ƙarya ne, ya duba ya duba bai sami wadda zai ƙaryata ba.

Aka kira likita don gwajin lafiya, kamar yadda doka ta ce kafin a sa hannu. Kunkuru ne, ya iso tun kafin a kira shi saboda ya taso tun bara. Ya kara kunne a gwiwar hannunta ya saurara.

"Hannu lafiya lau," in ji shi. "Haƙurin ne ya ɗan tsage daga gefe. Zai ɗinku in an daina taka shi."

Daga nan tayi ya ɓarke. Raƙuma suka ce za su ba ta shekaru masu yawan da sai da suka aro wasu daga kalandar maƙwabta. Kwaɗi suka ce famfo a tsakar ɗaki, wanda ba ya ɗaukewa, kuma yana gaishe ta da safe. Zabbi suka tura kwanduna har suka rufe ƙafafun bencin, sannan shugabansu ya gyara kwat ya ce akwai sharaɗi na musamman: muddin tana ƙungiyarsu, ba mahalukin da zai dawo daga aiki ya tambaye ta ko ta ji shi.

A nan ne Furera ta ɗago kai karo na farko. "Maimaita wannan," in ji ta.

Kishi ya taso wa Haladu, da kunya, da wani abu mai kama da yunwa amma ba ta abinci ba.

"Tsohuwar ƙungiya na da damar magana kafin rana ta faɗi," in ji bunsurun. "In ta faɗi, kasuwa ta tashi, 'yar wasa ta zama ta mai rabo."

Haladu ya ɗaga kai. Ashe ranar a igiya take, kamar guga, kuma Kawu Sallau ne riƙe da igiyar yana sassautawa kaɗan-kaɗan. Kawun yana sanye da rigar alƙalin wasa a kan jallabiya, carbi a ɗaya hannun. Haladu ya zube ya gaishe shi.

"Kawu, barka da yamma. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Haladu. Ashe kana gari."

"Ina nan, Kawu. Aiki ne ya yi yawa."

"Haka muke ji," in ji Kawu, ya ƙara sakin igiya. "To me ka kawo?"

Haladu ya laluba aljihu. Ba kwando, ba sifiri ko ɗaya. Makirfo kawai ya samu, shi kuma yana fitowa ya kama magana da kansa: "Jama'a masu sauraro, bisa la'akari da halin da ake ciki, da kuma duba ga yanayin da aka tsinci kai..." Haladu ya toshe masa baki ya mayar da shi aljihu, yana jin sa yana ci gaba a ciki. Daga ƙarshe ya ce, da 'yar ƙaramar murya, "Ni dai gida ne da ni."

Kasuwa ta kwashe da dariya, har wani kwaɗo ya faɗa cikin kwandon Zabbi. Kawu Sallau bai yi dariya ba.

"Gida kam ai shi ne wasan gaba ɗaya," in ji shi. "A shimfiɗa fili."

Aka warware filin, aka kakkaɓe, aka yaye wa 'yan kallo zane. Haladu ya duba sai ya ga ashe duk ya san su: 'yan majalisarsu ne na bakin masallaci, da mai shayin tasha, da abokan aikinsa, har da shugaban sashe yana cin rake. Shi kuma ga shi tsaye a gida, wato a kan dokin ƙofarsa da aka ciro aka dasa a tsakiyar fili, taɓarya a hannunsa, nauyi kamar me. Can a zango na uku, wanda ba komai ba ne illa zauren Kawu Sallau, Furera ce tsaye da jakar kayanta.

Haladu ya ga tazarar ba ta da yawa. Ya saki fuska irin ta mai yafiya ya ɗaga murya. "To ki taho mana. Ga hanya nan, ba wanda ya tare ki."

"Malam," in ji ta, "kai da ka juya labarin ba ka karanta dokar ba? Wanda ke zango ba ya dawowa gida sai na tsaye a gidan ya buga. In na taho haka kawai, a hanya za a taɓa ni da ƙwallo a ce na fita, ga duk unguwa na kallo."

"Gaskiyarta," in ji mai shayi daga cikin 'yan kallo.

Kawu Sallau ya tsaya a bayan Haladu ya ɗaga yatsa. "Kuskure uku, ka fita. Ɗaya."

"Kawu, ai ba a ko jefo ba!"

"An jefo tun watannin baya. Ka kai duka iya ƙarfinka, iska ka daka."

Alhaji Bunsuru ne mai jifa. Ya tofa wa kofato yawu, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya saki ƙwallo. Ba ta zo da gudu ba. A hankali ta taho, tana tsayawa tana gaisawa da mutane, kuma tana matsowa Haladu ya ji tana magana, da muryarsa shi kansa, ba ta rediyo ba, ta gida. Abin da take cewa bai wuce "ki yi haƙuri" ba. Sai dai ƙasa-ƙasa ta zo, daidai gwiwa, ba yadda za a yi mutum ya same ta sai ya rusuna.

Haladu ya saci kallon 'yan majalisa. Ya ce a ransa, bari wannan ta wuce, wata za ta zo daidai ƙirji, wadda mutum zai buga yana tsaye da mutuncinsa. Ya ƙame. Ƙwallon ta wuce ta gefensa, har ta ce masa sannu.

"Biyu," in ji Kawu.

"Haba Kawu! Ko motsi ban yi ba!"

"Shi ya sa. A wasan nan tsayawa kallo ma kuskure ne, ana ƙirga shi."

Yanzu kam tsoro ya kama Haladu, tsoro na gaske, wanda ba ruwansa da wa ke kallo. Rana ta sauko har tana taɓa kan katanga. Shugaban Zabbi ya riga ya matsa kusa da zaure riƙe da sabuwar riga mai sunan Furera a baya, mai hoto na gyara tsayuwa. Haladu ya dube ta, ya ga ba tuwon yake kewa ba, ko da yake tuwon ma yana ciki. Ita yake kewa, da 'yar waƙar da take yi ta hanci in tana shara, da yadda take kallonsa in ya cika baki, kallon da ya daɗe yana ɗauka na sha'awa ne.

"Furera," in ji shi, "amma dai tsakani da Allah, ko sau ɗaya ba ki taɓa kunnawa ba?"

Ta sauya wa jakar hannu. "Ban taɓa ba, Malam. Kai nake ji tun asuba har ka yi barci, ba batir, ba ɗauke wuta. Kafin ka fita ka karanta mini shirin, in ka dawo ka maimaita. Me ya rage da zan kunna?"

Shugaban sashe ya daina tauna rake.

"Kuma hannuna ya gaji da jakar nan," in ji ta. "In za ka buga ka buga."

Bunsurun ya ɗaga ƙafa ya saki ta uku. Wannan ta fi ta ɗazu yin ƙasa, kusan gangarowa take a kan turɓaya, tana faɗin abin nan dai da take faɗi. Haladu ya dubi babbar rigarsa mai sitati. Ya dubi 'yan majalisa, ya ga ashe ba su da wani yawa. Ya saki gwiwa ɗaya ƙasa, bai kai ba, ya saki ta biyun. Ya ɗaga taɓarya, ya runtse ido, ya buɗe baki, ya kawo duka da duk abin da ya rage masa.

Ƙwam! Ƙwam! Ƙwam!

Ya buɗe ido. Rufin ɗakinsa ne, gari ya waye tas, shi kuma yana durƙushe a tsakiyar katifa rungume da filo. Ƙarar ta sake zuwa daga waje. Ilu mai ruwa ne ke dukan ƙyauren gidan da murfin jarka.

Haladu ya fito yana murza ido, bai san ko ya sami ƙwallon ko bai same ta ba, kuma ba wanda zai tambaya.

"Maigida, an tashi lafiya?" in ji Ilu. "Yau ma guda ɗaya za a zuba?"

Haladu ya dubi tsakar gidan, shara ta taru a lungu, randuna a bushe sun yi fari.

"Cika su duka," in ji shi. "Har ta ɗakin girki."

"To, madalla. Baƙi za a yi ke nan?"

"Ba baƙi ba ne. Mai gidan ce za ta dawo." Ya sosa ƙeya. "In ta yarda."

Ilu ya fara sauke jarkoki. Haladu ya koma ɗaki neman hula, yana maimaita kalmomin nan na ban haƙuri a hankali don kada su maƙale masa a zauren Kawu.